Likitan da ya ce daji ne: wane ne shi, kuma ana iya ganinsa?

Wasiƙun da suka taru tun fitowar da ta gabata kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya: takardar sakamakon gwajin nama, da likitan da ya sa mata hannu. Mun zaɓi shida, likitocinmu na fannin binciken nama suka amsa. Kamar yadda muka saba, mun ɓoye sunayen masu tambaya.

Assalamu alaikum. An cire wa mahaifiyarmu ƙullutu a nono, bayan mako uku aka ba mu takarda wai daji ne. Sunan da ke ƙasan takardar na wani likita ne da bai taɓa ganinta ba. Ta yaya wanda bai ga mara lafiya ba zai yanke hukunci mai nauyi haka? Kuma za mu iya ganinsa? — Malamin makaranta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Mama lafiya. Ya gan ta, sai dai ba fuskarta ya gani ba. Wanda ya sa hannun shi ne likitan fatoloji: cikakken likita ne, ya yi karatun likitanci kamar mai tiyata, sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a karanta nama a madubin likita. Mai tiyata zai taɓa ƙari ya yi zargi, hoto ya ƙara zargin, amma a mafi yawan nau'o'in daji ba a tabbatarwa sai wannan likita ya duba naman.

Ga abin da ya faru da ƙullutun a makonnin nan. An jiƙa shi a ruwan fomalin don kada ya ruɓe. Likitan ya auna shi, ya shafa wa bayansa tawada, ya yayyanka, ya zaɓi gutsattsarin da za a duba. Ma'aikatan ɗakin gwaji suka tsane ruwan jikinsu, suka daskarar da kowanne a cikin kaki ya zama ɗan bulo da bai kai kwalin ashana ba. Daga bulon ake shafto yanki mai kaurin kashi 4 ko 5 cikin dubu na milimita ɗaya, wanda silin gashi ya ninka shi kauri fiye da sau goma. A ɗora a gilashi, a rina da rini biyu: ɗaya ya mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, ɗaya ya ba sauran jikinta ruwan hoda. Wannan gilashin shi ne mara lafiyar da likitan ya duba.

A tsohon tsari, likitan fatoloji likita ɗan'uwansa yake rubuta wa, shi ya sa takardar take cike da kalmomin da ko ɗan boko ba ya ganewa. Kai, ba majinyaci kaɗai ba: wani bincike da aka yi a Jami'ar Yale ta Amurka a 2000 ya nuna likitocin tiyata kansu kan fahimci rahoton ba daidai ba a kusan kashi 30 cikin ɗari. Tsarin ya soma sauyawa. A 2017 Dakta Lija Joseph ta asibitin Lowell da ke jihar Masacuset ta buɗe zama na musamman inda mai ciwon daji yake zama da ita, ya ga namansa da idonsa, ta nuna masa lafiyayyen wuri da inda ciwon yake. Wasu asibitocin suka bi sahu. Daga 2021 kuma dokar Amurka ta sa sakamako yana shiga wayar majinyaci da zarar an sa hannu, sau da yawa kafin likitansa ya gani, sai buƙatar mai bayani ta ƙaru.

A nan gida ba kasafai za ka tarar an ware wa irin wannan zama rana ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar da aka buga a 2013 ta nuna a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara likitan fatoloji ɗaya yana ɗauke da mutum fiye da dubu 500, alhali a Amurka da Ingila ɗaya ne ga dubu 15 zuwa 20. Duk da haka ƙofa ba a kulle take ba. Asibitocin koyarwa na Shika, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos duk suna da sashen. Ka nemi likitan da ke duba Mama ya rubuta 'yar takarda zuwa sashen da ya fitar da sakamakon. Ka riƙe lambar gwajin da ke saman rahoton, domin da ita ake nemo gilashi, ba da suna ba. Ka nemi a sa maka rana maimakon ka faɗa musu kwatsam, saboda sai an ciro gilasan daga ma'aji likitan ya sake dubawa. Mama ta zo da kanta, ko ta ba da izini a yi magana da kai.

Minti ashirin zuwa talatin sun isa idan ka zo da tambayoyinka a rubuce. Wane nau'i ne takamaimai? Tabbaci ne, ko zargi mai ƙarfi? An cire shi duka, ko ciwon ya taɓo tawadar da aka shafa a gefe? Akwai gwajin da ya rage, kuma naman da ke cikin bulo zai isa? Abu biyu kuma kada ka nema a wurinsa: zaɓin magani, da saura wata nawa. Na farko aikin taron likitoci ne da suka ga hoto, jini da ƙarfin jikin Mama. Na biyu gilashi ba ya nuna shi.

Ina wuni likitoci. A takardar ƙanwata an rubuta giredi 3, girman ƙari milimita 32, pT2, pN1, kaluluwa 2 cikin 14, ER kashi 80, HER2 2+. Wata maƙwabciya ta ce mataki na uku ke nan, saura ɗaya a kai ƙarshe. Tun ranar ba ta barci. — Wata yaya, Katsina

Hajiya, maƙwabciyar ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, kuma wannan kuskuren shi ya fi kawo mutane wurin likitan fatoloji a firgice. Giredi yana bayanin kamannin ƙwayoyin, mataki yana bayanin inda ciwon ya kai. A nono ana ba da maki 1 zuwa 3 a kan abu uku: yadda ƙwayoyin suke jeruwa kamar bututun nono na asali, yadda cibiyoyinsu suka canza kama, da yawan waɗanda aka kama suna rabuwa. Jimla 3 zuwa 5 giredi 1 ne, 6 ko 7 giredi 2, 8 ko 9 giredi 3. Giredi 3 mai saurin girma ne, gaskiya ne, amma ƙari ƙarami ma da bai je ko'ina ba yana iya zama giredi 3.

pT2 na nufin ƙarin ya wuce milimita 20 amma bai wuce 50 ba. pN1 na nufin an same shi a kaluluwar hammata ɗaya zuwa uku. Ita biyu ce cikin 14 da aka ciro. Idan hoto bai nuna ya je huhu, hanta ko ƙashi ba, bisa girma da kaluluwa mataki na 2B ke nan, kuma ana yi wa irinsa magani da niyyar warkewa. ER kashi 80 labari ne mai daɗi: ciwon yana dogara da sinadarin mata, don haka ƙwayar da ke toshe sinadarin, irin su tamoksifen mai miligram 20 sau ɗaya a rana na aƙalla shekara biyar, tana da amfani a kansa.

Inda za ku tsaya ku yi tambaya shi ne HER2, wani sinadari a jikin ƙwayoyin daji da ke ƙara musu saurin girma idan ya yi yawa. Sifili da 1+ babu ke nan, 3+ akwai. 2+ kuwa tsaka-mai-wuya ce, ba a yanke ba. Sai an yi gwaji na biyu da ke ƙirga kwafin ƙwayar gadon HER2, kuma da bulon da ake da shi ake yi, ba sai an sake yanka ba. Kada ku sayar da kadara don sayen allurar tarastuzumab, maganin ciwon da ke da HER2, kafin wannan gwajin ya fito. Tana da tsada, yawanci shekara guda ake yi ana karɓa, sai ana duba zuciya, kuma ba a ba da ita ga wadda gwajin bai tabbatar ba.

An yi wa matata aikin cire nono a wani asibiti, aka miƙo mana naman a leda cikin bokiti aka ce mu kai wani gari a gwada. Ranar Alhamis ce, sai muka sa a firiza muka kai Litinin. Sakamako ya ce naman ya lalace. Laifin wa? Kuma wasu 'yan'uwa sun ce tun farko binnewa ya kamata mu yi. — Magidanci, Gusau

Malam, sannu da jinya. Ba a gaya muku abin da ya kamata ba, kuma miƙa nama a leda ba ruwan magani shi ne tushen matsalar. Nama yana soma narkar da kansa da zarar an raba shi da jini, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara masa sauri. Firiza ba ta gyara: ruwan cikin ƙwayoyin yana zama ƙanƙara mai tsini ya kekketa su, idan ya narke sai likita ya tarar da ramuka. Ruwan gishirin asibiti ba ya adana nama. Sifirit yana sa shi ya ƙanƙance ya taurara, ya ɓata wasu gwaje-gwajen.

Abin da ake so shi ne fomalin mai ƙarfin kashi 10, wato kashi ɗaya na mai kauri da kashi tara na ruwa, an fi son wanda aka daidaita tsaminsa. Yawansa ya ninka girman naman sau goma. Ga naman nono, ya shiga fomalin cikin awa ɗaya da cirewa, ya zauna a ciki awa 6 zuwa 72. Sai wani abu da ake yawan mantawa: fomalin yana ratsa nama ne a hankali, kusan milimita ɗaya a awa, kuma yana ƙara nauyin tafiya in ya yi ciki. Idan aka jefa nono gaba ɗaya, fata da kitse za su adanu, ƙarin da ke tsakiya ya ruɓe, shi ne kuma abin da ake nema. Shi ya sa likita ke tsattsaga shi kamar burodi, tazarar kusan santimita ɗaya, kafin a jiƙa. Aikin likita ne wannan, kada dangi su sa wuƙa.

Mazubin ya zama mai faɗin baki, domin nama yana taurara a fomalin, wanda ya shiga ƙaramar kwalba da taushi ba zai fito ba sai an fasa. A rubuta suna, lambar kati, ɓangaren jiki, dama ko hagu, rana da lokaci a jikin mazubin, ba a murfi ba. Murfi yana musanyuwa. Kada a raba nama biyu a kai ɗakunan gwaji biyu don a kwatanta: ciwon na iya zama a rabi ɗaya kawai, kuma an ɓata damar duba gefe. A nisanta fomalin daga yara, kamar ruwa yake a ido amma guba ne.

Illar ba ta tsaya a rasa sunan ciwo ba. Naman da ya jima bai adanu ba yana iya nuna babu ER alhali akwai, a hana mace ƙwaya mai araha da za ta amfane ta shekaru. Yanzu ku nemi ganin likitan da ya rubuta rahoton, ku tambaye shi ko akwai bulon da ya tsira, musamman na kaluluwa. Idan an taɓa ɗebo ɗan nama da allura kafin aikin, ku nemo lambarsa, ƙila a kansa za a yi gwaje-gwajen da suka rage.

Batun binnewa kuma, babu karo tsakanin biyun. Gutsattsari kaɗan ake ɗauka. Ku faɗa wa sashen tun ranar kaiwa cewa kuna son ragowar bayan an sa hannu a rahoto. Abin da aka binne kafin a gwada kuwa ya tafi da amsar da maganin gaba ɗaya ya dogara a kanta.

Ɗana mai shekara 19 yana da kumburi a wuya wata biyu. An ce mu je wani likita zai tsira allura ya ɗebo abin ciki. Kakarsa ta ce daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi bazuwa zai yi. — Wata uwa, Maraɗi

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan shi ne wurin da likitan fatoloji ya fi haɗuwa da majinyaci ido da ido. A asibitin Karolinska na Suwidin an daɗe da wannan tsari, tun wajen shekarun 1950, inda mai karanta gilashin shi ne mai tsira allurar. Allurar ta fi ta ɗibar jini siriri. Zai riƙe kumburin da yatsu biyu, ya tsira sau biyu ko uku, ya shafa abin da ya fito a gilashi. Inda ake rinawa nan take, cikin 'yan mintoci zai san ko abin da ya ɗebo ya isa, kun huta da dawowa. Ku gaya masa idan yaron yana shan maganin tsinka jini.

Maganar Kaka tana da asali: mutane kan zo asibiti ciwo ya riga ya yi nisa, a tsira allura, ya ci gaba da girman da yake yi dama, sai a ɗora wa ƙarfe. Bin sawun siririyar allura abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Inda akwai haɗarin, kamar ƙari a maraina, likitoci da kansu ba sa tsirawa.

A wuyan matashi, tarin fuka yana cikin manyan abubuwan da ake zargi, haka dajin kaluluwa da ake kira limfoma. Idan allura ta nuna alamar limfoma za a ce a ciro kaluluwa ɗaya gaba ɗayanta, domin sai an ga tsarin gininta ake tantance nau'i. Ba gazawar likitan farko ba ce. Ɓangaren naman da za a yi wa gwajin tarin fuka kada ya shiga fomalin. Kuma kada ku ba shi firednisolon ko deksametazon daga kemis kafin gwaji: suna rage girman limfoma na ɗan lokaci, ku ga kamar sauƙi, su kuma ɓata hoton da likita zai karanta.

An gwada naman furostet ɗina, wuri ɗaya ya ce 3+4, da aka kai wani wuri aka ce 4+3. Duk bakwai ne ai. Me ya sa likitana ya ce da bambanci, kuma wa zan yarda da shi? — Tsohon ma'aikaci, Bauchi

Baba, barka da ƙoƙari. Lambobin maki ne da ake ba salon jeruwar ƙwayoyin daji a furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Bakwai ne a lissafi, amma lambar farko ita ce salon da ya fi yawa a naman, kuma 4 ya fi 3 zafi. 3+4 yana nufin mai sauƙin ne ya rinjaya, 4+3 mai zafin ne. A sabon rabon rukuni biyar da aka amince da shi a 2014, jimla 6 rukuni na 1 ne, 3+4 na 2, 4+3 na 3, 8 na 4, 9 da 10 na 5. Bambancin yana iya sauya shawarar magani.

Saɓani irin wannan ba alamar sakaci ba ce koyaushe. A wani bincike na 2015 a Amurka, an ba likitoci 115 gilasan nono: a kan dajin da ya riga ya kutsa, amsarsu ta dace da ta ƙwararru a kashi 96 cikin ɗari, amma a kan ƙwayoyin da ke kan iyaka tsakanin lafiya da daji, kashi 48 kacal. Kan iyaka ake saɓawa. Kada ku zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Ku nemi likitocin biyu su yi magana da juna a kan gilashi ɗaya, ko a sa na uku, sannan a rubuta matsaya a matsayin ƙari a kan rahoto. Ku tambayi kashi nawa cikin ɗari salo na 4 ya ci. Sau da yawa rigimar a kusa da rabi take. In za ku ɗauki bulo da kanku, ku haɗa da gilasan asali da kwafin rahoto, kada ku bar shi a gaban mota cikin rana, kaki ne, yana narkewa kafin digiri 60. Ku mayar da shi inda kuka aro, ku kuma tambayi shekara nawa suke ajiyewa. A Amurka ƙa'idar goma ce.

Ba mu gaya wa Baba cewa daji ne ba. Idan muka je da shi wurin likitan fatoloji, zai tona? — Babban ɗa, Kaduna

Malam, ba zai jefa masa maganar ba tare da shiri ba, amma kuma ba zai yi masa ƙarya ba idan ya tambaya kai tsaye. Ciwon a jikinsa yake, haƙƙin sani nasa ne. Ka sanar da likitan halin da ake ciki kafin ku shiga. Yadda aka saba, zai fara da tambayar Baba abin da ya fahimta game da ciwonsa, da kuma ko yana son a yi masa bayani dalla-dalla ko ya wakilta ɗansa. Idan ya ce a yi da kai, an rubuta, an wuce wurin. Idan ya ce yana son ji, to ka zauna kusa da shi, ku taho da wanda zai rubuta abin da aka faɗa, kuma ka tabbata an riga an sa ranar ganin likitan da zai fara magani kafin ku bar asibitin.